Yadda Ake Auna Kulorin a Ruwan Famfo da Abin da Yake Haifarwa

Kulorin da aka zuba a matatar ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, ko ta Tamburawa ce ko ta Challawa a Kano, ba ya isa ko'ina da ƙarfinsa. Zafi yana rage shi a hanya, tsatsar bututu tana cin nata, ga dattin da ke kutsawa ta inda bututu ya fashe. Don haka awon bakin matata kaɗai ba zai nuna abin da mutanen ƙarshen layi suke sha ba.

Fara da zaɓen wuraren ɗiba: mafitar matata, tankin da ruwa ke kwana a ciki, da famfon da ya fi kowanne nisa. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, kuma shi ake yawan tsallakewa saboda wahalar zuwa.

Buɗe famfo ruwa ya zuba na 'yan mintuna, wanda ya kwanta a bututu ya fice. Ɗauraye kwalbar awo, ka cika ta zuwa layinta, ka jefa ƙwayar awon kulorin da ake kira DPD mai lamba 1, ka narkar da ita. Idan akwai kulorin, ruwan zai koma ruwan hoda. Nan take ka kwatanta launin da na jikin ma'aunin launi da ke zuwa da kayan awon, a wuri mai haske. Kada ka ɗebo ruwa ka tafi da shi ofis ka auna da la'asar, kafin lokacin kulorin ya gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a matata a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, a bakin famfo kuma kada ya gaza 0.2. Ruwa mai laka yana ɓoye ƙwayoyin cuta, saboda haka duba tsarkinsa ma. Rubuta komai a littafi da wuri da lokaci.

Sai mataki mai wuya. A 1974 masanin sinadarai Johannes Rook ya gano a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holland cewa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da makamantansa, yana haifar da sinadaran da ake kira THM, irin su kulorofom. Ana danganta daɗewa ana shansu da ciwon daji na mafitsara, shi ya sa Amurka ta ƙayyade jimillarsu a maikirogiram 80 a lita. Su ba a auna su a bakin famfo, sai a ɗakin gwaji. Karɓi kwalbar gilashi ta musamman daga ma'aikatan ɗakin gwajin, mai maganin tsayar da aikin kulorin a ciki. Cika ta maƙil, ba ko ɗigon iska, ka rufe, ka sa a ƙanƙara, ka kai da wuri. Ɗebo daga inda ruwa ya fi daɗewa, da bazara da kuma damina lokacin da kogi ke kwaso shara.

Idan THM ya yi yawa, kada ka yi gaggawar rage kulorin. Kwalara tana kisa cikin sa'o'i, haɗarin THM kuwa na shekaru ne. Gyara adadin alam datti ya kwanta sosai, a tace ruwan kafin a zuba kulorin, a wanke tanki, a riƙa zubar da ruwan da ya daɗe a ƙarshen bututu, sannan a sake awo.