Gyaran Takardar CV Kafin Neman Aiki a Ƙasar Waje

Yawancin sababbin zuwa ƙasar waje sukan aika CV ɗin (takardar bayanin karatu da ayyukan mutum) da suka zo da ita yadda take, su yi ta jira shiru. Sau da yawa matsalar tsarin takardar ce, domin kowace ƙasa da abin da take son gani.

Fara da cirewa. A Amurka da Kanada da Birtaniya ba a sa hoto ko ranar haihuwa, ba a kuma faɗin addini, ƙabila ko maganar aure da 'ya'ya. Dokokin hana nuna bambanci, irin Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010, sun sa kamfanoni ba sa son ganin waɗannan bayanai tun farko. Jamus daban take: har yanzu mutane da dama suna sa hoto, ko da yake doka ba ta tilasta ba. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha kuma an saba ganin hoto da ƙasar asali da irin bizar da mutum ke riƙe da ita. Lambar fasfo kuwa, kada ka rubuta ta ko'ina, saboda 'yan damfara na tallata aikin bogi don su tattara irin wannan.

A Amurka shafi ɗaya ya wadatar idan shekarun aikinka ba su kai 10 ba, a Birtaniya shafi biyu aka saba. A sama ka sa suna, lambar wayar ƙasar da kake, imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, da garin da kake zaune. Daga nan layi uku ko huɗu na taƙaita ƙwarewarka, sai ayyukan da ka yi daga na baya-bayan nan zuwa na farko, sai karatu. Idan kana da izinin aiki, faɗi hakan a layi ɗaya, domin mai ɗauka yakan yi ɗari-ɗari da baƙon da bai san matsayinsa ba.

Manyan kamfanoni da yawa suna zuba takardun a wata manhaja da ke zaro bayanai kafin ɗan Adam ya duba. Rubutun da aka raba gida biyu a shafi, ko aka cusa cikin akwatuna da zane-zane, yakan rikice mata, shekarar wani aiki ta koma kan wani. Wanda ya ɗauki hoton takarda da waya ya aika, wataƙila ba za ta karanta ko kalma ɗaya ba. Yi rubutu miƙe, baƙi a kan fari. Sannan ka karanta sanarwar aikin da alƙalami a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da suke nema, ka yi amfani da kalmominsu daidai a inda gaskiya ka iya abin. Shi ya sa CV ɗaya ba ta isa a watsa wa kamfanoni talatin; kowace sanarwa tana buƙatar ɗan gyara.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayanin aiki. "Kula da sito" bai gaya wa kowa komai ba. Amma idan ka rubuta cewa ka kula da kaya iri 800, ka shigar da su a Excel, ka horar da ma'aikata 4, mai karatu ya ga girman abin da ka riƙe. Layi uku zuwa biyar sun isa ga kowane aiki, kowanne ya fara da abin da ka aikata. Kamfanin da ba a sani ba a can, ƙara masa 'yan kalmomi: me yake yi, ma'aikata nawa. Mu kawar da kunya a nan. Faɗin aikin da ka yi ba alfahari ba ne. Ƙarya dai a guje ta, domin ana kiran tsofaffin wuraren aiki a tabbatar.

Takardar shaidar karatu ka rubuta ta da sunanta na asali, kada ka mai da difloma digiri da kanka. Akwai masu tantance matsayinta: WES a Amurka da Kanada, UK ENIC a Birtaniya, ZAB a Jamus. Aikin jinya da likitanci suna buƙatar lasisin ƙasar, don haka ka nuna matakin da rajistarka ta kai.

Idan akwai watannin da ba ka aiki, cike su da kwas ko aikin sa kai. A nan ma ake samun wanda zai tsaya maka shaida a ƙasar. Wajen rubuta kwanan wata, rubuta watan da sunansa, ba da lamba ba, domin 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Birtaniya kuma 3 ga Afrilu. Ka ba wanda ya ƙware a harshen ya duba kurakurai, ka adana CV ɗin a PDF sai dai idan sun ce Word, ka sa wa fayil ɗin cikakken sunanka.