Kurakuran da ake yi wajen cire ɓawon zartsi daga masai

Duk inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake da zartsi, kukan ɗaya ne: an wanke masai jiya, an sake wankewa yau, amma zoben nan mai ruwan ƙasa da ya kewaye bakin ruwa yana nan daram. Daga nan sai a shiga sayen magunguna kala-kala, ana zubawa ana dirza har hannu ya yi tsami. Kurakuran kuwa ba su da yawa, su ɗin ne dai ake ta maimaitawa, kuma biyu daga cikinsu suna jawo ɓarna mai girma, ɗaya ga masan, ɗaya ga huhun mai wankewa.

Tushensu duka shi ne ɗaukar ɓawon nan a matsayin datti, alhali dutse ne. Ruwan da ya ratso ta cikin duwatsun farar ƙasa yana kwaso sinadaran kalsiyam da magnisiyam, duk inda ya kwanta ko ya bushe kuma sai ya bar su a baya su daskare. Shi ne farin ɓawon da ake gani a gindin tukunyar dafa ruwa. Masana ruwa suna cewa ruwa ya yi nauyi idan waɗannan sinadarai suka wuce miligiram 120 a lita, idan suka haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Asalin ɓawon fari ne ko toka-toka, amma yana da kaushi da ƙananan ramuka, shi ya sa yake shan launi: ƙarfen da ke cikin ruwa ya mai da shi ja ko ruwan ƙasa, manganis ya mai da shi baƙi, gishirin fitsari ya mai da shi rawaya. Abu ɗaya ne yake narkar da irin wannan dutse, wato asid.

Babban kuskure shi ne dogaro da bilic. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma kashe launi, amma ba ya narkar da ko ƙwayar zarra ta ɓawo, domin shi kishiyar asid ne, dangin kanwa da sabulu. Abin da yake yi shi ne ya faranta saman ɓawon, mai gida ya duba ya ga fari fat ya ce aiki ya yi kyau. Bayan 'yan kwanaki launin ya dawo, a ƙara zuba bilic, ɓawon kuwa yana ta ƙara kauri a ƙasa wata da watanni. Ka sa safar hannu ka shafa wurin bayan ka wanke da bilic, za ka ji kaushin yana nan. Idan ruwan yana da ƙarfe ma abin ya fi muni, saboda bilic yana mai da narkakken ƙarfe tsatsa, tabon ya ƙara ja maimakon ya ragu.

Haɗarin gaske yana zuwa ne lokacin da mutum ya gaji, ya ce bari ya haɗa ƙarfi biyu. Ya zuba bilic, ya ga bai yi ba, ya ɗora masa ruwan khal (wato binega, mai tsami) ko maganin wanke masai mai asid. Kada ka kuskura. Haɗuwar bilic da kowane irin asid tana fitar da iskar kulorin, guba ce mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga banɗaki ɗan ƙaramin ɗaki ne, mai wanki kuma ya sunkuya fuskarsa daidai saman masan. Ba sai ka zuba su tare ba: ragowar bilic ɗin da ke kwance a cikin ruwan masai, ko ƙwayar bilic da aka jefa a tanki, ta isa. Kafin ka kawo asid, cire duk wata ƙwaya da ke cikin tanki ko aka rataya a baki, ka kora ruwa sau uku. Ni dai a wurina ranar bilic daban, ranar asid daban. Idan kuma an riga an haɗa, ka ji wari mai shaƙe numfashi, fita nan take, bar ƙofa da taga a buɗe, kada ka tsaya ceton aiki. Tari ko nauyin ƙirji ya ƙi lafawa, a nufi asibiti.

Waɗanda suka gane cewa asid ake bukata, su kuma yawancinsu a kan ruwa suke zuba shi. Lanƙwasar da ke ƙasan masai kullum tana riƙe da ruwa, kofi ɗaya na ruwan khal ya faɗa cikinsa ya salance, sai a wayi gari ana cewa khal ba ya aiki. Lissafin a fili yake. Ruwan khal na kasuwa kashi 5 cikin 100 ne kawai asid, lita guda cur ba ta narkar da abin da ya wuce giram 40 da ɗoriya na ɓawo, balle an tsarma ta. Don haka a fara fitar da ruwan. Rufe makunnin da ke kai ruwa tanki, kora ruwa har tankin ya ƙare, sannan ka riƙa danna buroshi cikin ramin da sauri, zai tura mafi yawan ruwan ya wuce. Ragowar a kwashe da tsohon kofi, a tsane da soso. Wari zai ɗan taso daga bututu saboda ruwan da ke toshe shi ya tafi, zai ɗauke da zarar ka zuba maganin.

Abin da na fi so shi ne garin asid ɗin sitirik, wanda ake samu a lemon tsami. Ba shi da wari, yana da sauƙi a hannu, giram 100 nasa kuma yana cin kusan ninki biyu na abin da lita guda ta khal za ta ci. A narka giram 100 a kowace lita ta ruwa mai ɗumi, a haɗa kamar lita 2, a zuba har ya haura zoben da yatsa ɗaya ko biyu. Ɗumi kawai, kada ya yi zafi, domin da zafi sosai yana iya barin wani farin gari da ke manne wa tangaran. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ɓawon, alamar yana ci ke nan. Idan khal ke gare ka, zuba shi yadda yake, kada ka ƙara masa ruwa.

Sai gaggawa. A zuba, a jira minti biyar, a kora ruwa, an zubar da kuɗi a banza. Asid mai sauƙi yana bukatar aƙalla awa 3 zuwa 4, ɓawo mai kauri kuwa a bar shi ya kwana. Da safe a goge da buroshi, abin da ya yi laushi zai fita, abin da ya rage a sake masa sabon haɗi, domin na jiya ya gama ƙarfinsa. Ɓawon da ya shekara yana taruwa yakan ci zagaye uku ko huɗu. Wuraren da ruwa ba ya kwanciya, kamar ƙarƙashin leɓen masai da bangon baya, a jiƙa tishu sharkaf da maganin a manna, a riƙa ƙara jiƙa shi kada ya bushe. In an gama a kwashe tishun a jefa a shara, kada a kora shi dunƙule guda ya toshe bututu.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai: kankara da ƙarfe. Wuƙa, reza, sukundireba, soson waya, har da samfefa mai kaushi, babu abin da mutane ba sa kai wa masai. Wace riba ke cikin wannan? Santsin da ke jikin tangaran wani siririn rufi ne mai kama da gilashi wanda aka gasa a wuta mai tsanani, shi ne yake hana datti kamawa. Idan ka karce shi, ya tafi ke nan, babu man da zai dawo da shi. Kowane karce ya zama gurbin da sabon ɓawo zai kafa saiwa, ya riƙa dawowa da sauri fiye da da, wari kuma ya samu maɓoya. Ƙarfen ma yana barin baƙaƙen layuka, guntayen soson waya kuma su maƙale su yi tsatsa. Masan da zai yi shekaru masu yawa yana aiki, a lalata shi a yini ɗaya saboda rashin haƙurin kwana guda. Idan dole sai an kankare, a bari asid ya fara tausasa ɓawon, sannan a ɗaga shi da abin kankara na roba ko tsohon katin roba. Dutsen goge kaushi yana yi a kan ragowar da ta ƙi fita, amma da sharaɗi: a jiƙa dutsen, a jiƙa wurin, a goga a hankali a kan ɓawon kaɗai, a dakata da an ji santsi. Wannan ma na lokaci-lokaci ne, kuma ba a kai shi kan murfin roba.

Idan zagaye huɗu bai ci ba, sai a koma ga maganin wanke masai mai asid ɗin haidirokulorik, wanda yawanci ƙarfinsa yana wajen kashi 10 cikin 100. Safar hannu ta roba, tabarau, taga a buɗe, a bi lokacin da aka rubuta a jikin robar, kada a bar shi ya kwana domin tururinsa yana cin ƙarafan murfi da kan famfo. A kiyaye kada ya ɗiga a dutsen mabul, tarazo ko simintin tsakanin tayil, su ma zai ci su kamar yadda yake cin ɓawon. Gidan da ke da sokawe kada ya mai da shi abin kowane mako, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta. Ruwan batir kuwa a bar shi a inda yake. Ban da ƙunar da yake yi wa fata da ido, idan ya haɗu da ɓawon yana yin wani rufi da ba ya narkewa sosai, ya lulluɓe sauran, aikin ya tsaya.

Akwai ƙananan kurakuran da ba su cancanci dogon bayani ba. Haɗa khal da bekin soda: kumfar tana burgewa, amma kashe juna suke yi, abin da ya rage ruwan gishiri ne. Tafasasshen ruwa yana iya tsaga tangaran. Lemon kwalba asid ɗinsa kaɗan ne, ga sukari. Ƙwayar bilic a tanki tana cinye robobin ciki.

Wanda ya ga dogon layi ya sauko daga sama ta bangon baya, kuma yana dawowa bayan kowane wanki, ya daina zargin magani, tankinsa ne yake yoyo. Ɗiga launin abinci a cikin tanki, ka jira minti 20 ba tare da kora ruwa ba. Idan launin ya bayyana a cikin masai, robar da ke toshe gindin tanki ta mutu ko ɓawo ya hana ta zama daidai, sai a wanke ta da khal ko a canja ta. Ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin leɓe su ma suna toshewa, ruwa ya rage ƙarfi. A duba su da ƙaramin madubi, a manna musu jiƙaƙƙen tishu su kwana, a zunguro su da tsinken roba ko na itace. Bayan an samu tangaran ya koma santsinsa, cokali biyu na garin sitirik ko kofi biyu na khal da daddare, sau ɗaya a mako, a goge da safe, ya isa ya hana ɓawon sake kamawa.