Babi na 6: Kwatanta Harajin Makamashi Tsakanin Ƙasashe

Darasi na 1

'Yan'uwa, kowa ya buɗe littafinsa ya ja layi biyu. Harajin makamashi shi ne kuɗin da gwamnati ke ɗorawa a kan fetur, dizal, iskar gas ko wutar lantarki. A layin sama ku rubuta Birtaniya. Harajin man fetur da dizal ya kai kusan fam biliyan 28 a shekarar kuɗi ta 2019 zuwa 2020, ya sauko kusan biliyan 21 a shekarar da ta biyo, lokacin da korona ta tsare mutane a gida. A layin ƙasa ku rubuta Jamus: kusan yuro biliyan 41 a 2019, biliyan 38 a 2020. Biliyan ɗaya miliyan dubu ne. Fam daban, yuro daban, saboda haka ba ma jera 41 da 28. Abin da za mu auna shi ne yadda kowace ta sauka ko ta hau.

Darasi na 2

Cire sabon adadi daga tsohon: 28 a cire 21, saura 7. Yanzu raba 7 da TSOHON adadi, wato 28. Da 28, ba da 21 ba. Ɗora yatsanka a kan adadin da ya fara zuwa, shi ne tsoho. Kashi ɗaya cikin huɗu ya fito, wato 25 cikin 100. Madalla, kun iya!

Jamus: 41 a cire 38, saura 3. Da wane za a raba? Da tsoho, 41. Kusan 7 cikin 100. Idan haraji ya ƙaru ma, da tsoho ake rabawa. Tsoho, kullum tsoho. Haba jama'a, har yanzu ina ganin 38 a ƙarƙashin layin wasunku. Ku goge, ku sake. Baba, a hankali, babu mai koro.

Darasi na 3

Harajin Jamus ya haɗa da man ɗuma ɗaki da iskar gas, na Birtaniya man ababen hawa ne mafi yawa. Ku duba abin da kowace ƙasa ta ƙirga kafin ku kwatanta.

Darasi na 4

Gwamnatin tarayyar Amurka tana karɓar santi 18.4 na dala a kan kowane galan na fetur tun 1993. Aikin gida: me zai sa kuɗin da take tarawa ya ƙaru?