Yadda ake farfaɗo da tsohon hob ɗin keke da ya yi tsatsa a gida

Keken da ya shekara biyar ko goma jingine a zaure, damina na dukansa, hunturu na zuba masa ƙura, ba safai tsatsar da ake gani a jikinsa ce ke hana shi tafiya ba. Matsalar tana cikin hob, wato dunƙulen ƙarfen da ke tsakiyar wili, wanda wayoyin taya ke fitowa daga jikinsa su kama rim. Tsofaffin kekunan da aka saba da su a ƙasar Hausa, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Caina da Hero na Indiya, kusan duk tsarin hob ɗinsu ɗaya ne: aksul a tsakiya, wato sandar ƙarfen da wili ke juyawa a kanta, kon biyu masu zare a kansa, wato notoci masu tsukakken baki, kofi biyu a jikin hob ɗin, wato gurabe masu siffar kofi, sai ƙwayoyin boris da ke birgima tsakanin kon da kofi. Wannan tsari yana da sauƙin gyara, domin ana iya warware shi, a wanke, a mayar.

Abin da za a tanada shi ne sifana mai lamba 17, da siriryar sifanar kon, wadda yawanci lamba 13 ce ta gaba, 15 ta baya, sai kananzir, tsohon buroshin haƙori, tsumma, soson ƙarfe, giris mai kyau da sababbin boris. Sifanar kon ba ta da madadi, domin sifanar da aka saba da ita ta yi kauri, ba za ta shiga tsakanin kon da notin da ke kulle shi ba. A guji wanki da fetur, musamman a gidan da murhu ke kusa.

Da farko a cire wilin, a kwantar da shi a kan farin tsumma, a ɗiga mai a kan notocin a bar su su kwana idan sun cije. Kada a yi gangancin yanke wayoyin don a fito da hob ɗin shi kaɗai. In wilin baya ne, firiwil ɗin da sarƙa ke hawa yana ɗaure da ƙarfin shekarun da aka yi ana taka feda, kuma faɗin wilin ne ke ba da ƙarfin da za a kwance shi; wanda ya yanke wayoyi kafin ya cire firiwil ya jawo wa kansa wahala. Cire shi yana buƙatar ƙarfe na musamman, don haka ya fi sauƙi a kai wa mai gyaran keke ya kwance shi, a dawo gida a ci gaba da sauran aikin.

Wajen warwarewa, gefe ɗaya kawai ake taɓawa, wato na hagu. A riƙe kon da siriryar sifana, a kwance notin kulle, a zare shi da wosha da kon ɗin, a jera su a kan tsumma bisa tsarin da suka fito. Kon ɗin dama da notinsa a bar su yadda suke, domin su ne ke riƙe da ma'aunin tsawon aksul. Sai a janye aksul ɗin a hankali ta ɗaya gefen, tafin hannu yana tare da bakin hob, domin boris ɗin da giris ɗinsu ya bushe sukan zubo su watse a ƙasa. A ƙirga na kowane gefe kafin a haɗa su. Yawanci hob ɗin baya yana ɗaukar guda 9 a kowane gefe masu girman kwata na inci, na gaba kuma guda 10 masu girman 3/16 na inci, amma ƙirgen da mutum ya yi da idonsa ya fi abin dogaro. Murfin da ke tare ƙura a bakin hob gara a bar shi a wurinsa, domin siriri ne, da zarar an ɓanɓare shi ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

A jiƙa komai a kananzir, a goge da buroshi har baƙin daskararren giris ɗin ya fita, a shanya. A nan ne za a san ko hob ɗin ya cancanci wahalar, kuma a ganina bai kamata a fara gogen waje ba sai an wuce wannan mataki. A ɗaga kon zuwa haske: za a ga siririn layi mai sheƙi ya kewaye shi, nan ne hanyar da boris ke bi. A ɗauki biro a ja bakinsa a kan layin. Idan ya zame sumul, kon ɗin yana da sauran rai. Idan kuwa bakin biron yana tsalle yana faɗawa ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, tsatsa ta ci taurarren saman ƙarfen, kuma gogewa ba za ta dawo da shi ba, sai dai a sayi wani. A tafi kasuwa da tsohon aksul a hannu, domin zaren kayan tsofaffin Raleigh ya sha bamban da na sauran kekuna. Haka za a gwada kofin da ke cikin hob. Shi ne mai yanke hukunci, domin a yawancin hob ba a samun kofin canji, kuma idan ya yi ramuka masu zurfi ko ya tsage, gara a nemi wani hob ɗin baki ɗaya. Aksul kuwa a mirgina shi a kan gilashi. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe.

Tsatsar waje ita ce mai sauƙi. Idan jikin hob ɗin mai kurom ne, soson ƙarfe mai laushi da ɗan mai sun isa, a bi tsakanin wayoyin da haƙuri. Notoci da wosha da suka yi ja ƙwarai a kwana da su a cikin ruwan khal ko ruwan lemun tsami, sannan a ɗauraye su da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a busar nan take a shafa mai, in ba haka ba kafin yamma sun sake yin ja. Kon da kofi kada a tsoma su a ruwan tsami, domin yana cin santsin da boris ke buƙata.

Wajen haɗawa, a cika kowane kofi da giris, a dasa boris ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin zai riƙe su. Sababbi za a zuba duka, ba a gauraya tsoho da sabo, domin tsohon ya zaizaye, nauyin duka sai ya koma kan sabon. Idan an gama jerawa za a ga ɗan gurbi ya rage, kada a cusa ƙarin ƙwaya, da shi aka ƙera hob ɗin. Al'adar nan ta ɗura baƙin man mota da aka juye daga inji kuwa, ba ta da amfani, domin yana tsiyayewa cikin kwanaki, ga garin ƙarfe a cikinsa.

Saiti shi ne inda aikin yake. A mayar da aksul, a murza kon ɗin hagu da yatsa har ya taɓa boris, a dawo da shi baya kaɗan, sannan a riƙe shi da siriryar sifana a ɗaure notin kulle a kansa. A juya aksul tsakanin yatsu biyu. Idan ana jin gurzawa kamar akwai yashi, an matse da yawa. Idan an girgiza shi gefe da gefe ana jin ƙas-ƙas, ya yi sako-sako. Ɗaure notin kulle kansa yakan canza saitin, saboda haka maimaita abin sau huɗu ko biyar ba gazawa ba ce, ƙwararru ma haka suke yi. Wilin da ke da maƙalli na hannu a madadin noti ana bar masa ɗan wasa ƙanƙani, domin maƙallin yana matse aksul idan an rufe shi.

Akwai abu biyu da suka shafi tsofaffin kekunan Ingila. Hob ɗin gaba na Raleigh da yawa ba shi da notin kulle, kon ɗaya a kafe yake, kuma dole kafaffen ya kasance a gefen dama, in an juya shi, tafiyar wilin za ta riƙa matse ɗayan har boris su farfashe. Hob ɗin baya mai giya uku na kamfanin Sturmey-Archer kuwa, samfurin AW da ya fito a 1936, wanda ake buga wata da shekarar ƙera shi a jikinsa, cike yake da haƙora da ƙananan sifirin, kuma wannan hanya ba tasa ba ce. Mai mara kauri ake ɗiga masa ta ɗan murfin da ke jikinsa.

Bayan an mayar da wilin, a ɗaga keken a kaɗa shi. Wilin gaba da ya samu saiti mai kyau zai yi ta juyawa, ya yi lilo gaba da baya, sannan ya tsaya da gefensa mafi nauyi a ƙasa. A sake girgiza rim ɗin bayan mako guda ana hawa, domin sababbin boris sukan zauna su bar ɗan wasa da sai an ƙara matsewa.