Yadda ake cin abincin Italiyawa a Landan kafin shiga kallon wasan dandamali

A unguwar West End ta Landan, inda gidajen wasan kwaikwayo suka yi cincirindo tsakanin Shaftesbury Avenue da Covent Garden da Strand, yawancin wasannin dare ƙarfe 7:30 ake ɗaga labulensu. Ba sa jiran kowa. Wanda ya makara, sai a tsayar da shi a waje har a kai wata gaɓa da shigarsa ba za ta dami jama'a ba, wani gidan ma sai an je hutun rabin lokaci. Tikitin kuma ba araha ba. Saboda haka cin abinci kafin wasa lissafin agogo ne, kuma gidan abincin Italiyawa ya fi yawancin gidaje dacewa da wannan lissafi, domin taliya da fiza ba sa daɗewa a wuta. Sai dai ga Musulmi akwai ƙarin aiki: girkin Italiyawa cike yake da naman alade da giya a wuraren da ido ba ya gani. Ga yadda za ka haɗa biyun.

Mataki na 1: Fara lissafi daga ƙarshe

Ɗauko tikitinka ka duba lokacin da aka rubuta, kada ka yi zato. Wasu wasannin ƙarfe 7:00 suke farawa, na rana kuwa galibi 2:30. In 7:30 ne, kana so 7:15 ta same ka a bakin ƙofar gidan wasan, don akwai layin binciken jaka, akwai neman kujera a tsofaffin gine-gine masu ƙunci da matakala, ga layin bayi wanda na mata ba ya ƙarewa da wuri. Ke nan ka bar gidan abinci kafin 7:00, ka nemi a kawo lissafin kuɗi wajen 6:40, ka zauna a tebur tsakanin 5:15 da 5:30. Wanda ya zauna ƙarfe 6:15 zai ci, amma a tsaye zuciyarsa take, yana cusa loma yana kallon waya.

Ka sa salla cikin wannan lissafi tun daga gida. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4:00, ka ga magariba ta wuce tun ba ka zauna cin abinci ba. A watan Yuni kuwa sai bayan 9:00 na dare, lokacin kana tsakiyar kallo. Akwai ƙaramin masallaci a titin Berwick cikin unguwar Soho, ba nisa da Shaftesbury Avenue, ga mai son ya sauke farali kafin ya wuce.

Mataki na 2: Zaɓi gidan da ƙafa za ta kai ka

Ka nemi gidan abincin da bai wuce tafiyar minti goma a ƙasa ba daga gidan wasan. Mota a tsakiyar Landan da yamma ba abin dogaro ba ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ma yana da nasa tarko: tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden ita ce tazara mafi gajarta a duk layukan ƙarƙashin ƙasa na birnin, kafin ka sauka ka jira jirgi ka hau, mai tafiya a ƙasa ya riga ka isa. Tashar Covent Garden kuma lif ake jira, wanda ya ƙosa ya bi matakala zai taka 193, ya fito yana haki.

Neman gidan Italiyawa a nan ba wuya. Sun daɗe a Soho. Kantin Lina Stores na titin Brewer tun 1944 yake sayar da kayan abincinsu. Abin da za ka duba shi ne ko gidan yana da tsarin abincin masu zuwa kallo, wanda suke rubutawa pre-theatre menu. Gajeren jeri ne, kala biyu ko uku a kan farashi ɗaya, ana bayar da shi daga wajen ƙarfe 5:00 zuwa 6:30. Ya fi sauƙin kuɗi, amma babban amfaninsa shi ne masu girki sun riga sun shirya masa, yana fitowa da sauri.

Mataki na 3: Kama tebur, ka faɗi inda za ka

Kada ka je haka kawai, musamman Juma'a da Asabar. Ka kama tebur ta intanet ko ta waya tun da sauran kwanaki, kuma a wurin da aka bari na ƙarin bayani ka rubuta cewa kana da wasa ƙarfe 7:30. Gidaje da yawa awa ɗaya da rabi suke ba kowane tebur a wannan lokaci, kuma in ka makara da kamar kwata za su iya ba wani. Wasu suna karɓar lambar katin banki su cire wani abu in ba ka zo ba. In kuna da yawa, a gaya wa kowa lokacin da ya gaza na gaskiya da minti ashirin. Mun san halinmu.

Mataki na 4: Karanta jerin abincin tun kana gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi ɓata lokaci a tebur. Kusan kowane gida yana sa jerin abincinsa a shafinsa. Ka zauna da shi cikin natsuwa.

Italiyawa suna jera cin abinci ne daki-daki: antipasti na buɗe ciki, primi su ne taliya da shinkafa da miya, secondi nama ko kifi, contorni ganye da dankalin da ke raka su, dolci kayan zaƙi. Ba wanda zai tilasta maka bin su duka. Kafin wasa kala biyu sun isa.

Sunayen da za ka gani ka kauce: prosciutto, pancetta, guanciale, mortadella, salame, speck, 'nduja, lardo, salsiccia, porchetta. Duk alade ne. Pepperoni na kan fiza ma haka, sai fa in gidan ya bayyana cewa na sa ne ko na kaza. Matsalar ita ce sau da yawa sunan abincin ba ya ambaton naman. Carbonara ƙwai ce da cuku da masoro, amma da naman kuncin alade ake yin ta. Amatriciana ja ce kamar miyar tumatir zalla, ita ma da shi ake soya ta. Miyar bolognese da lasagne galibi haɗin naman sa ne da alade, a zuba giya. Miyar ganye ta minestrone, wadda kowa zai ɗauka ba komai a ciki, wani mai girkin da ɗan yankan pancetta yake fara ta.

Giya ta fi alade iya ɓuya. Risotto, wato dafaffiyar shinkafarsu mai ruwa-ruwa, kusan kullum ana kwarara masa farar giya bayan an soya shinkafar. Taliyar vongole, mai ƙananan dabbobin teku masu ɓawo, da yawancin girkin kayan teku haka. A kayan zaƙi, tiramisu sau da yawa akwai giyar Marsala ko wata a ciki. Panna cotta kuma da gelatin ake daskarar da ita, wanda mai yiwuwa daga alade aka samo shi. Dokar Birtaniya ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, amma alade da giya ba sa cikinsu, don haka takardar da za su nuna maka ba za ta amsa tambayarka ba. Alamar V da ake sa wa abincin marasa cin nama tana kawar da zancen alade, ba ta kawar da na giya ba.

To me ya rage? Da yawa, kuma a ganina su ne ma suka fi daɗi. Fiza Margherita: tumatir, farin cuku, ganyen ɗoɗɗoya. Fiza marinara, wadda ko cuku babu, sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun. Spaghetti al pomodoro. Aglio, olio e peperoncino, wato tafarnuwa da mai da barkono. Pasta alla Norma ta mutanen Sisili, da soyayyen baƙin yalo. Cacio e pepe ta birnin Rum, taliya da cuku da masoro. Gasasshen kifi da lemon tsami. Wanda harshensa ya saba da yaji ya nemi taliyar penne all'arrabbiata, ko da yake zafin nata ba zai girgiza wanda ya tashi da yajin tsire ba. Ka roƙi man barkono a gefe, suna da shi.

Kaza da naman sa a yawancin waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne, sai gidan da ya faɗa ƙarara. Cukun Parmigiano kuma da wani sinadari daga tumbin maraƙi ake haɗa shi. Malamai suna da maganganu a kan waɗannan biyun, kowa ya bi abin da ya natsu da shi, amma ya yanke hukuncinsa a gida, ba lokacin da mai kawo abinci ke tsaye a kansa ba.

Mataki na 5: A tebur

Da zarar an zaunar da ku, ka maimaita wa mai kula da teburin lokacin wasanku. Sun saba, kullum aikinsu ke nan. Ka ba da odar komai a tashi ɗaya, abin sha da na farko da na biyu. Tambaya kuma gajera: akwai alade a ciki, akwai giya a miyar, da romon me aka dafa. In ya ce bari ya tambayo kicin, alama ce mai kyau. In ya amsa da sauri yana kallon wani tebur, sake tambaya ko ka canza abinci.

Ka san abin da ke cin lokaci. Fizar da ake gasawa a tanda irin ta Napoli ba ta kai minti biyu a wuta. Taliya 'yan mintuna ne. Risotto na gaskiya yana ɗaukar kusan minti ashirin ana juyawa, babban yankan nama ko kifi sukutum su ma haka. Ka bar su sai ranar da ba ka da wurin zuwa.

Taliyar za ta zo da ɗan tauri a tsakiya. Ba ɗanya ba ce, haka suke son ta, kada ka mayar. Ba a yanka spaghetti da wuƙa, naɗe ta ake yi a cokali mai yatsu, kaɗan-kaɗan. In ka sa farar shadda, ka yi nesa da jar miya ko ka shimfiɗa adiko a ƙirji ba kunya. Ruwan famfo kyauta ne a duk gidan da ke da lasisin sayar da giya a Ingila, amma sai ka ambace shi da sunansa, in ba haka ba na kwalba za a kawo a sa a lissafi. Kada ka cika ciki. Za ka zauna awa biyu da rabi a kujera mai matsi cikin duhu da ɗumi, kuma cikakken kwanon taliya mai cuku barci yake kawowa. Ƙaramin kofin gahawar espresso a ƙarshe yana taimakawa.

Mataki na 6: Biya ka tashi

A gidajen Italiyawa ba a kawo lissafi sai ka nema, don haka ka nema tun kana kan loma ta ƙarshe, ka ce a zo da na'urar kati gaba ɗaya. Duba ƙasan takardar: galibi an riga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima, ba sai ka daɗa tukwici a kai ba. Tun watan Oktoban 2024 doka ta ce wannan kuɗi na ma'aikata ne, ba na mai gida ba. Kada ka ce a ƙunshe maka ragowar abinci, gidajen wasa ba sa son a shiga da abinci mai zafi ko ƙamshi.

In lokaci ya ƙure, kayan zaƙi ne farkon abin da za ka sadaukar. A hutun rabin lokaci, wanda yake kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, ana zagayawa da ƙananan kofunan askirim a cikin zauren. In kuma an tashi wajen ƙarfe 10:00 kana son gahawa, Bar Italia na titin Frith, wanda aka buɗe a 1949, yana kaiwa tsakar dare a buɗe. Jiragen ƙarƙashin ƙasa suna aiki har wajen 12:00 da 'yan mintuna, a daren Juma'a da Asabar kuma wasu layuka, ciki har da Piccadilly da Northern, kwana suke yi suna tafiya.