Yadda Ake Duba Aikin Mai Fara Koyon Rubuta Manhaja

Duk wanda ke duba ayyukan ɗalibanmu Hausawa a Madina, ya fara da gwada ko manhajar tana aiki kafin ya dubi tsarinta. Idan an ce su lissafa matsakaicin maki da Python, wato wani yaren rubuta manhaja, a ba manhajar jerin lambobi, sannan a ba ta jerin da babu komai cikinsa, domin a nan ne rabawa da sifili ke tsayar da ita. Mafi yawan makin da za a ba ɗalibi, a ganina, nan ya kamata ya tafi.

Daga baya sai salo. Ƙa'idar PEP 8 ta 2001, wato jagorar salon rubuta Python, ta tanadi gurbi 4 a farkon layi wajen matsar da shi ciki, kuma kada layi ya wuce haruffa 79.