Gyaran gashin kare mai dogon gashi a zafin Sakkwato

Da zarar bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga mai kare ya ɗauko injin aski ya yi wa karensa irin jaman shefad ko kokeshiyan, manyan karnukan nan masu yawan gashi, tal-kwabo, wai don ya sha iska. Wannan kuskure ne. Waɗannan karnuka gashinsu hawa biyu ne: na sama mai tsawo da kauri, wanda ke tare rana, da na ƙasa mai laushi kamar auduga. Kare kuma da haki yake rage zafin jikinsa, don ba ya zufa kamar mutum. In aka aske shi, rana ta sami fata kai tsaye, gashin kuma yakan dawo a hargitse. Abin da ke ƙuntata masa shi ne mataccen gashin ƙasa da ya cure ya hana iska shiga, kuma taza ce maganinsa.

Ka tanadi buroshi mai siraran haƙoran ƙarfe, da matajin ƙarfe mai gefe biyu, manyan haƙora da ƙanana, da almakashi marar tsini, da kwalbar fesa ruwa. Minti 15 sau uku ko huɗu a mako ya isa, amma lokacin da yake zubar da gashi sai kullum.

Ka ɗan fesa ruwa tukuna, musamman da hunturu, domin busasshen gashi karyewa yake yi. Fara daga ƙafar baya. Ɗaga gashin da hannu ɗaya har ka ga fata, ka taje layin da ke ƙasa, ka sako wani layin, haka har ka hau gadon baya. Mai shafa buroshi a sama-sama zai ga kare na ƙyalli, alhali ƙasa duk a dunƙule. Matajin ne alƙali: in bai wuce daga fata zuwa ƙarshen gashin ba tare da ya maƙale ba, da sauran aiki. Ka fi bincika bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya da gindin wutsiya.

In ka tarar da ƙulli, riƙe gindinsa da yatsu don kada ka ja fata, ka warware daga baki kana shigowa ciki. Wanda ya ƙi, sai ka zura mataji tsakaninsa da fata, ka yanka a saman matajin. Ƙarangiya, wadda ke addabar karnuka bayan damina, ka ɗiga mata man gyaɗa ta zame.

Kada ka yi masa wanka kafin taza, jiƙa gashin sharaf ƙara ɗaure ƙulli yake yi. Wanka sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida, da shamfu na karnuka. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata su bar shi da ƙaiƙayi. Ka taɓa ruwan da hannu tukuna, don na tanki da rana tsaka yana iya ƙona shi. Ɗauraye har kumfa ta ƙare sarai, ka tsane da tawul, ka bar shi a inuwa kan siminti, kana tajewa har gindin gashin ya bushe. Danshin da ya kwana a ciki shi ke kawo wari da gyambo.

Da damina kaska ke yawa. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu, ka kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a hankali ba tare da murɗawa ba. Kada ka shafa kananzir ko baƙin mai don kashe ta, guba ne, kare zai lasa. In ka ga dasashinsa ya yi fari, ya daina cin abinci, ko fitsarinsa ya yi duhu, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, kamar na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin alamun ciwon da kaska ke sa wa jini ne.